Laraba, bayan aikin safe

Ruwan Melbon ya ɗauke yau, Auta ma ta tafi makaranta ba rigima. Da fara'ata na shiga asibiti.

Wajen azahar gandirobobi biyu suka kawo mana wani fursuna, Aborijin (wato 'yan asalin ƙasar Ostireliya), da ankwa a hannu. Duk wanda ya tambaye shi sai ya ce lafiya lau, kansa a sunkuye. Har likita ya fara maganar sallama. Sai ga Anti, ma'aikaciyar asibitinmu, ita ma Aborijin ce. Ta jawo kujera gefen gado, ko zancen ciwo ba ta yi ba. "Ɗana, su wane ne mutanenka?" Ya faɗi garinsu, ashe ta san gwaggonsa. Can sai ya dafa ƙirji, ya ce tun makon jiya yake jin kamar an ɗaure masa ƙirjin, ya faɗa musu a gidan yari aka ba shi Panadol. Yanzu haka yana sashen masu ciwon zuciya.

Da muka zauna shan shayi na ce, "Anti, me ya hana shi gaya mana?" Ta ce, "'Yata, wanda kullum ake ƙaryatawa, wata rana daina ɓata bakinsa yake." Ta tuna mini da Veronica Nelson, wata 'yar Aborijin, wadda ta rasu a kurkukun mata na Dame Phyllis Frost, a garin nan, a Janairun 2020. Sau 49 tana danna ƙararrawar neman taimako cikin awa 36. Ga Ms Dhu a 2014, ita ma Aborijin, 'yar shekara 22, an tsare ta kan kuɗin tara, sau biyu asibiti na mayar da ita hannun 'yan sanda, ana cewa ciwon ƙarya ne. A kai na uku ta cika.

Shayin bai shawu ba. Tun 1991 babban kwamitin bincike ya duba mutuwar Aborijin 99 da suka rasu a tsare, ya ba da shawarwari 339. Aborijin, da ba su kai kashi 4 cikin 100 na jama'ar Ostireliya ba, su ne sama da kashi 30 na fursunoninta, kuma da an rufe mutum Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati, ta daina biya masa magani. A Kanbera, babban birnin ƙasar, an bar Winnunga, asibitin Aborijin da kansu, yana duba 'yan'uwansu a cikin kurkuku. To me ya hana a yi haka ko'ina?

Abban Auta ya dafa taliya, kaɗan na taɓa. Wanki na nan jibge.

Anti ita kaɗai ce irinta a asibitinmu, kuma ba ta aikin dare. Da a ce ƙarfe biyun dare aka kawo yaron nan, wallahi da an sallame shi.