Ruwan Cadi ba ya zuwa teku

Abokan cinikina na Kano da Maiduguri, da an ce Cadi sai su ce ai hamada ce. Ni da nake sayar da banda da kanwa a Injamina na san kayan nan biyu duk ruwa ne ya haife su, don haka maganar ba ta yi mini daɗi.

Ƙasar nan ƙwarya ce mai faɗin murabba'in kilomita 1,284,000, bakinta tudu, cikinta kwari. Can arewa duwatsun Tibesti ne, inda Emi Kusi ya kai mita 3,415, babu dutsen da ya fi shi tsawo a duk Sahara. Gabas kuwa Enedi da tuddan Wadai. Saboda haka ruwa in ya sauka, ciki yake gangarowa. In ban da Mayo Kebbi da ke sulalewa Binuwai ta kudu maso yamma, ba mu da kogin da ke kai wa teku gaisuwa.

Kogin Shari daga Afirka ta Tsakiya yake tasowa, kogin Logon kuma daga tuddan Adamawa, su haɗu nan tsakaninmu da Kusiri, garin Kamaru da ke ƙetarenmu. Da kaka ka tsaya bakin gaɓa ka gani, ruwa jawur, masunta na tura kwalekwale da gora a gefe don tsakiya ta fi ƙarfinsu. A 2022 ya shiga unguwar Waliya har ɗaki, mutane suka riƙa kwashe katifu da awaki a jirgin ruwa. Wannan ruwan shi ne kusan kashi 90 cikin 100 na abin da ke shiga Tafkin Cadi. Tafkin da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, farin 1973 da na 1984 suka tsotse shi. Dillalan da ke kawo mini banda daga wajen Bol, garin da ke bakin tafkin, iyayensu sun kama kifi a inda yau ake noman masara.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, wallahi, tafkin ba shi ne gindin ƙwaryar ba. Yana kan mita 280 ko kusa da haka, amma kwarin Jurab da Bodele a arewa maso gabashinsa ya faɗa har wajen mita 160. Dā can duk ruwa ne, kuma a Jurab ɗin aka tono ƙoƙon kan Tumai, wata halitta mai kama da mutum ta zamanin dā can, a 2001. Busasshiyar lakar wannan tsohon tafki ita iskar hunturu ke kwasa ta tsakanin Tibesti da Enedi, ta zama hazon da ke fasa mana leɓe, ta hana jirgi sauka a Kano, wani ma ya haye teku har dajin Amazon.

Su kuwa tafkunan Uniyanga 18 suna tsakiyar rairayi, inda sai a shekara ba a ga hadari ba, amma ba sa ƙafewa, domin daga ƙarƙashin ƙasa ruwansu ke ɓuɓɓugowa. Hukumar UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya tun 2012.