Abin da na auna a jikin jita uku kafin na ɗauki ɗaya

Jita uku na sa a gaba, dukkansu na lantarki, masu jikin katako zalla babu kogo a ciki: ɗaya mai siffar Stratocaster, ɗaya mai siffar Les Paul, ta ukun kuma mai siffar SG. Ba kamfanonin asali ne suka ƙera su ba, wasu ne suka bi tsarin. Tsarin kansa ya daɗe, domin kamfanin Gibson ya fitar da Les Paul a 1952, kamfanin Fender ya fitar da Stratocaster a 1954, SG kuma ta biyo baya a 1961, kuma da yawa daga jitocin lantarkin da ake sayarwa yau daga nan suka samo asali.

Gwajin farko bai tsinana mini komai ba. Kowacce na jona ta da amfilifaya daban, ɗaya tsirkiyoyinta sun yi tsatsa, ɗaya kuma ba a ma saita ta ba. Wadda ta fi ƙara ita kunnena ya ce ta fi daɗi, kuma haka kunne yake yi wa kowa. Da na koma sai na tafi da kayana: rula mai milimita, kafo (matsen da ake ɗaurawa a wuyan jita ya danne tsirkiyoyi duka), na'urar saita tsirkiya, maɗaurin rataye jita a kafaɗa, wayar jonawa wadda na san lafiyarta lau, da guntun tsirkiya ta ɗaya mai lamba 10, wadda kaurinta milimita 0.25 ne. Amfilifaya ɗaya na yi amfani da ita ga duka ukun, na bar maɓallanta a tsakiya, ban kuma taɓa su ba har na gama.

Babban abin da na koya shi ne raba aibi gida biyu. Akwai wanda sukudireba ko sabuwar tsirkiya ke kawarwa cikin rabin awa, akwai kuma wanda da shi aka ƙera jitar, da shi za ta tsufa. Na farkon bai kamata ya hana ka saye ba. Na biyun shi ne ake zuwa dubawa.

Kafin jona waya, rataye ta na fara yi a kafaɗa, na tsaya minti goma. Mai siffar Les Paul ta haura kilo 4, wanda ba abin mamaki ba ne ga jiki mai kauri irin nata, kuma kafin minti goman su cika kafaɗata ta fara sanar da ni. Mai siffar SG ita ce mafi sauƙi, sai dai da na saki hannu sai kanta ya sunkuya ƙasa. Dalili shi ne jikinta siriri ne, wuyan ya fito waje sosai, kuma maɓallin da ake maƙala maɗaurin yana bayan gindin wuya ne, ba a kan ƙahon sama na jikin jitar ba. Maɗauri mai faɗi, mai ɗan kaushi a ciki, yana rage wannan, amma ba ya kawar da shi gaba ɗaya, hannunka na hagu zai riƙa tallafar wuyan alhali yana da aikin danna tsirkiya. Duk wanda ya gwada jita a zaune kaɗai ba zai gane wannan ba sai ya kai ta gida.

Daga nan sai tsawon tsirkiya, wato daga matashin da ke bakin kai, ɗan farin abin nan mai tsagi shida, zuwa jaki, ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a jikin jitar. A tsarin Fender inci 25.5 ne, kimanin milimita 648. A tsarin Gibson inci 24.75, kimanin milimita 628. Santimita biyu kacal, amma yatsu suna ji. In tsirkiyoyin kaurinsu ɗaya ne kuma saitinsu ɗaya, mai tsawon ta fi tauri da kusan kashi 6 cikin 100, don haka jan tsirkiya sama ya fi wuya a kanta. Tazarar firet, ƙarafan nan da ke gicce a wuya, ita ma ta fi faɗi: miƙa yatsu daga firet na 1 zuwa na 5 ya fi tsawo da kusan milimita 4. Hannuna ba babba ba ne, na ji wannan a ɗan ƙaramin yatsana nan take. A ɗaya ɓangaren, can sama da firet na 15 gajeren tsarin yana matse yatsu, mai kaurin yatsu zai fi sakewa a kan dogon. Taurin ana iya rage shi da siraran tsirkiyoyi, a sauka daga 10-46 zuwa 9-42, wato lambar kaurin siririyar da ta mai kaurin. Tazarar kuwa ba mai taɓa ta.

Haka siffar bayan wuya. Wani wuyan zagayayye ne ya cika tafin hannu, wani falale ne siriri. Babu wanda ya fi wani, sai dai wanda hannunka ya yarda da shi, kuma hanyar ganewa ita ce ka danne tsirkiyoyi shida da yatsa ɗaya a firet na 1, ka riƙe, ka matsa zuwa na 5, ka maimaita na minti biyu ko uku. In gindin babban yatsanka ya fara zogi, wuyan ba naka ba ne. Fuskar wuyan ma tana da lanƙwasa: tsofaffin Fender inci 7.25, na zamani galibi 9.5, na Gibson 12. Ƙaramar lamba ta fi lanƙwasa, tana da daɗin danna haɗin sautuka, amma in an sauke tsirkiya ƙasa sosai, sai ka ja ta sama ta goga firet na gaba sautin ya shaƙe.

A kan miƙewar wuya na fi ɓata lokaci, kuma ban yi da-na-sani ba. Na sa kafo a firet na 1, na danna tsirkiya ta shida, mai kaurin, a firet na ƙarshe, sannan na leƙa tsakanin tsirkiyar da saman firet na 7 ko na 8. Ya kamata a sami ɗan fili kamar milimita 0.25, shi ya sa na zo da guntun tsirkiyar nan: in ya shige da ɗan gogawa, daidai ke nan. In babu fili sam, wuyan ya lanƙwashe baya, za ka ji zizar a firet na farko-farko. In filin ya yi yawa, tsirkiyoyi za su yi nisa da wuya a tsakiya. Duka biyun sandar ƙarfen da ke cikin wuya tana gyara su, ana juya ta kwata-kwata na zagaye, a dakata a sake aunawa. Abin lura shi ne a tabbatar sandar tana juyawa, kan notinta bai cinye ba. Sai kuma a maimaita awon a tsirkiya ta ɗaya, siririyar. A kan ɗaya daga cikin jitocin nan, gefen mai kauri ya ba ni fili fiye da rabin milimita, gefen siririyar kuma tsirkiya na kwance a kan firet. Da na ɗaga jitar na hango wuyan daga kai zuwa jiki, kamar yadda kafinta ke hangen katako, sai na ga layukan firet ba su jeru ba, wuyan ya murɗe. Sandar ƙarfe ba ta gyara murɗewa. Nan take na cire wannan jitar daga lissafi, duk da sautinta ya burge ni.

Tsayin tsirkiya a firet na 12 na auna da rula, daga saman firet zuwa ƙasan tsirkiya. Kimanin milimita 2 ga mai kauri, 1.6 ga siririya, shi ne matsakaici. Wadda na samu a milimita 3 ban riƙe mata wannan ba, domin sukurorin jaki ke sauke shi. Abin da na riƙe shi ne firet ɗin kansu. Na buga kowace tsirkiya a kowane firet, ɗaya bayan ɗaya, sauti fiye da 120 a kowace jita. Aiki ne mai gajiyarwa, amma nan aibi ke ɓuya. In zizar ta bazu ko'ina, matsalar saiti ce. In a wuri ɗaya take, misali firet na 14 kaɗai, to na 15 ya fi 'yan'uwansa tsayi ko ya ɗago daga raminsa. Ana tabbatarwa da gefen kati mai tauri, a ɗora shi a kan firet uku, in ya yi lilo to na tsakiyar ne ya yi tsayi. Gyaran wannan sai gwani, da magagari da haƙuri. Na kuma bi gefen wuyan da yatsa a hankali. In bakin ƙarafan na karce fata, katakon ne ya bushe ya tsuke ya bar su a waje. Wannan kam ana gogewa.

Riƙe saiti shi ne abin da mutane ke ɗora wa kunnuwan jita, waɗanda ake murɗawa a ɗaure tsirkiya, laifi, alhali sau da yawa matashi ne. Na saita kowacce, na ja tsirkiya ta uku sama sau biyar da ƙarfi, na sake duba na'ura. In sautin ya kauce, sannan da ka juya kunne ka ji wani ɗan "ting" daga bakin kai, tsirkiyar ce ke maƙalewa a tsagi. Jitocin da kunnuwansu ke uku-uku a gefe biyu sun fi fama da wannan, domin tsirkiya ta uku da ta huɗu suna karkacewa bayan sun wuce matashi. Ɗan gogen bakin fensir a cikin tsagin yana taimakawa, in bai yi ba a faɗaɗa tsagin kaɗan. A irin waɗannan jitocin kuma kan ya kwanta baya sosai, don haka in jitar ta faɗi a nan take karyewa. Na haska bayan wuya daidai gindin kai ina neman layin tsaga ko fenti da ya saɓa da sauran. Wuyan da aka ɗaure da sukurori huɗu, irin na Stratocaster, ana iya kwance shi a sa wani. Wanda aka manne da gam kuwa gyaransa babban aiki ne.

Jakin ma sai an yi tunani. Na Les Paul da SG kafaffe ne, ba ya motsi. Na Stratocaster yana da hannun lilo, sandar da ake dannawa sauti ya yi rawa, da sifirin a bayan jiki, kuma in an saita shi yana shawagi, tsinkewar tsirkiya ɗaya tana kautar da sauran biyar. Ni ba na amfani da hannun lilo sosai, saboda haka na duba ko za a iya ƙara wa sifirin ɗin ƙarfi jakin ya kwanta a jiki, kuma ana iyawa. Daidaiton sauti a sama ma a jaki ake gyara shi: in sautin da aka danna a firet na 12 ya fi na buɗaɗɗiyar tsirkiya hawa a na'ura, sai a ja ɗan sirdin tsirkiyar baya, nesa da wuya. Abin dubawa kawai shi ne sirdin yana da sauran wurin tafiya. In ya riga ya kai bango kuma sautin bai daidaita ba, wataƙila an dasa jakin ba a wurinsa ba.

Sai a ƙarshe na jona waya. Fikof, wato maganaɗisun da aka naɗe da siririn wayar tagulla yana ɗaukar girgizar tsirkiya, iri biyu ne a nan. Mai naɗi ɗaya, irin na Stratocaster, sautinsa tsaf-tsaf ne mai kaifi, amma yana jawo gurnanin wutar lantarki. Mai naɗi biyu, wanda Seth Lover ya ƙirƙira kuma aka fara sa wa Les Paul a 1957, yana kashe wannan gurnanin, sautinsa ya fi kauri da ƙarfi. Saboda ƙarfin nan sai na riƙa daidaita ƙarar da maɓallin jikin jita su zo ɗaya kafin in yanke hukunci, in ba haka ba mai naɗi biyu zai ci gasar kullum ba da cancanta ba. Gurnani a mai naɗi ɗaya ba aibi ba ne, kuma a yawancin na zamani yana ɓacewa in an sa makunnin zaɓen fikof a matsayi na 2 ko na 4. Wanda ke nuna matsala shi ne gurnanin da ke ƙaruwa in ka taɓa tsirkiya, alamar an haɗa wayar ƙasa ba daidai ba. Na ƙwanƙwasa kowane fikof da bakin sukudireba don in ji yana aiki a matsayinsa, na juya kowane maɓalli a hankali ina sauraren ƙarar-ƙarar, na girgiza wayar a bakin soket. Duk waɗannan kaya ne da ake canzawa da dalma, har fikof ɗin kansa. In fikof ɗaya ya fi ɗan'uwansa ƙara, sau da yawa tsayinsa ne kawai, sukurori biyu ke gefensa.

Mai siffar Stratocaster na ɗauka. Soket ɗinta na yankewa in an motsa waya, tsirkiyoyinta sun yi sama, tazarar firet ɗinta kuma ta fi wahalar da ƙaramin yatsana. Amma wuyanta a miƙe yake gefe biyu, firet ɗinta sun jeru, ta zauna a kafaɗa ba ta rinjaya ko'ina ba, kuma bayan wuyan ya kwanta a tafina. Na ƙara matse harshen soket ɗin, na sa mata tsirkiyoyi 9-42, na saki sandar wuya kwata ɗaya saboda siraran tsirkiyoyi ba sa jan wuyan kamar na da, na bar ta ta kwana. Washegari na sake awo, na sauke tsirkiya mai kauri zuwa milimita 2 a firet na 12, siririyar 1.6, sannan na bi sirdi shida ɗin ɗaya bayan ɗaya da na'ura.