Yadda nake fito da sheƙin ebonait a kan injin juyi

Aikina a Panteka ta Kaduna juyin ƙarfe da tagulla ne, amma 'yan shekarun nan na shiga yin alƙaluman tawada da kawunan sanda da ebonait. Roba ce da aka dafa da farar wuta mai yawa, kusan kashi 30 cikin ɗari, har ta taurare ta yi baƙi wuluk. Nelson Goodyear ne ya yi rajistar ta a Amurka a 1851. Sandunanta daga waje suke zuwa, Jamus ko Japan ko Indiya, da tsadarsu, don haka ko guntu ba na yarda ya tafi a banza.

Ranar da yaron shagona ya ga alƙalami na farko yana ɗaukar ido, cewa ya yi, "Maigida, wane banish aka shafa masa?" Na ce babu ko ɗigo. Sheƙin a jikin robar yake, karce ne ke rufe shi, aikina kawai in kawar da karcen ba tare da ta ɗau zafi ba.

Zafi shi ne babban abokin gaba. Ebonait na fara laushi tun zafinta bai kai na tafasasshen ruwa ba, kuma tana dakusar da bakin yanka da wuri. Shi ya sa nake wasa bakin kafin yankan ƙarshe, in ɗebi kaɗan-kaɗan. Hanci ne ma'aunina: warin farar wuta dole ne, amma idan ya koma na ƙonanniyar taya, na tsayar da inji ke nan ta huce. Wurin da ya ƙone yakan yi ruwan ƙasa, sai an sake yanke shi.

A sanfefa rabin ranar ke tafiya. Ta masu fentin mota nake saya, wadda ake jiƙawa. Ina farawa da lamba 400 mai kaushi, sai 600, 800, 1000, 1500, har 2000 mafi laushi, inji na juyawa a hankali, da ruwan sanyi a kwano kusa da ni. Ruwan zafi na dusashe baƙinta. Bayan kowace lamba nakan kashe inji in goga ta tsawon sandar, daga kai zuwa gindi, har zoben da juyi ya bari su ɓace. Sai in share da tsumma mai tsabta, in fito bakin ƙofa in juya ta a haske. Idan akwai layi ko ɗaya, ba na hawa lamba ta gaba, domin karcen 400 ba ya fita da 1500, sai ma ya ƙara bayyana idan jiki ya yi santsi. Wannan mataki ne yara ke jin nauyinsa, ni kuwa nan na fi jin daɗin aikin, ganin toka-toka na rikiɗa zuwa baƙi a hannuna.

Da hunturu sai an ƙara kula. Ƙwayar ƙura ɗaya a tsumma ta isa ta mayar da mutum baya, don haka kowace lamba da ruwanta, tsummoki kuma a rufe cikin leda. Takunkumi ma ba na cire shi.

Gogen ƙarshe a faifan yadi nake yi, da jan sabulun goge da ake kira tirifoli, sannan fari mai laushi a wani faifan daban. Taɓawa kawai, hannu na tafiya, ba dannawa. In rufe da ɗan kakin kanuba, wato kakin goge da ake samu daga ganyen wata bishiya.

Wanda ya zo karɓa nakan ce masa, "Alhaji, don Allah kar a bar shi a gaban mota." Rana da danshi na taso da farar wutar sama, baƙin ya koma kore-kore. Idan hakan ta faru a dawo mini da shi, daga lamba 800 zan kamo.