Sunan da na daɗe ina tsallakewa

Yau da la'asar ruwan sama ya hana ni fita, sai na sake kallon wani tsohon fim na barkwanci na Ingila, The Lavender Hill Mob, wanda kamfanin Ealing ya fitar a 1951. Da aka zo wurin da ma'aikacin bankin nan mai sanyin hali, wanda ɗan wasa Alec Guinness ya fito a matsayinsa, ya gano cewa za a iya narka zinaren sata a ƙera ƙananan hasumiyoyin Eiffel da shi, a tsallaka da su Faransa kamar tsarabar 'yan yawon buɗe ido, dariya ta ci ƙarfina har na tsayar da fim ɗin. Daga nan na koma farko don in ga wanda ya ƙulla wannan dabara, domin duk kallon da na yi a baya ban taɓa karanta sunansa ba.

T. E. B. Clarke ne, haifaffen Watford a 1907, ɗan jarida wanda ya yi aikin ɗan sanda na wucin gadi a Landan lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma rubuta labarin wannan fim ne ya samar masa lambar yabo ta Oscar. Ana ba da labarin cewa har Babban Bankin Ingila ya tuntuɓa kan yadda za a yi satar, jami'an kuwa suka ba shi shawara. Ya rasu a 1989, ni kuwa har yau ban san kamanninsa ba, alhali fuskar Guinness ko a mafarki na gan ta zan gane ta.