Barci da ruwan sha a tsakiyar Atilantika

'Yan uwa tunda na dawo Legas daga tsallaka tekun Atilantika a jirgin ruwa kusan kowa a majalisarmu ta Agege tambaya ɗaya yake min, wai ban ji tsoron igiyar ruwa ba? Gaskiya ba ita ta fi ba mu wuya ba, barci ne da ruwan sha.

Aikin girki na samu a wani ƙaramin jirgi mai tafiya da iska, muka tashi daga Mindelo a tsibiran Kef Bade da ke yamma da Senegal zuwa tsibirin Barbados a yankin Karibiyan, wajen mil 2,000 na teku, a watan Disamba saboda lokacin ne iskar arewa maso gabas ke kaɗawa ba yankewa, ita ke tura jirgi ta baya. Jirgi ba ya tsayawa dare da rana, dan haka kowa da gadinsa, awa uku-uku, har ni mai girki. Da daddare sai ka ɗaure kanka da igiya a jikin jirgi, domin wanda ya faɗa ruwa cikin duhu samo shi sai ikon Allah, kuma kana ganin hadari ya taso maza ka tada kyaftin a rage ƙyallen da iska ke bugawa ta tura jirgi kafin ta iso, ba a jira. In gadinka ya ƙare kwanta kawai, ko da rana tsaka ne, ka bar hira.

Ruwan daɗi kuwa na sha ne da girki. Wanke-wanke da bokitin ruwan teku, alwala ma haka, tunda ruwan teku mai tsarki ne. Sallah ita ta fi tsaya min a rai wallahi. Yamma muka nufa, alƙibla tana bayanmu, sai na duba kamfas in daidaita, in jirgi na tangaɗi sosai in yi a zaune. Agogon Legas ba ya aiki a can, bambancin lokaci tsakanin Kef Bade da Barbados kaɗai awa 3 ne, kullum magariba sai ƙara ja baya take, dole rana za ka riƙa kallo.

Rishon ma a rataye yake yana lilo dan kar tukunya ta kife. Tumatir da ayaba su ne farkon lalacewa, albasa da dankali suka kai mu har ƙarshe, da safe kuma mu tsinci kifi mai tashi da ya faɗo cikin jirgi in soya. Duk wanda zai je ya riƙe garin rogo, kilishi da yaji, ranakun farko da zuciya ke tashi su kaɗai cikina ya karɓa.