Yadda Muka Gane Ragin Taki Da Buhu Goma Kacal

Gab da faɗuwar damina ƙungiyarmu ta manoma a yankin Samaru ta sayi takin zamani buhu 200, kowanne an rubuta kilo 50 a jikinsa. Tun wajen sauke kaya 'yan dako suka fara gunaguni, wai buhunan ba su kai nauyin da suka saba ji ba. Shugabanmu, dattijon da kowa ke kira Baba, ya dube ni ya ce, "Kai da ka karanta ƙididdiga a Jami'ar Ahmadu Bello, yau ga ranarka." Sikelin na aro ne, mai shi kuma yana jira, saboda haka buhu goma kaɗai za mu iya ɗorawa.

Na hana a ɗauko na bakin ƙofar sito, na kuma hana 'yan dako nuna waɗanda suke zargi. Mai ɗanɗana miya sai ya juya ta tukuna. Muka ba kowane buhu lamba, muka zuba takardun cikin hula, wani yaro ya zaro goma.

Kafin a taɓa sikeli na ce, "Baba, Allah ya ƙara lafiya, ragi kaɗai muke tuhuma, ko har da ƙari?" Ya yi dariya, ya ce bai taɓa jin wanda ya kai ƙarar an cika masa mudu ba. Na sa magatakarda ya rubuta a littafin taro: za mu ɗauka matsakaicin nauyi kilo 50 ne, sai hujja ta nuna ya gaza haka, kuma mun yarda da yiwuwar kuskure kashi 5 cikin 100.

Matsakaicin goman ya fito 49.3, ma'aunin warwatsuwarsu kuma, wato yadda nauyin buhunan ke nisa da matsakaicin, 1.05. Ana raba 1.05 da 3.16, lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da goma, sai a samu 0.33. Ragin 0.7 a raba da 0.33 ya ba da kusan 2.1. Wannan shi ne gwajin t: sai a kwatanta lambar da ta fito da wadda ke cikin jadawalinsa, in ta haura, ragin ya wuce a ce dace ne kawai. William Gosset ya fito da shi a 1908, yana aiki a kamfanin Guinness a birnin Dublin, inda shi ma samfura ƙalilan yake samu. Da sunan "Student", wato ɗalibi, ya wallafa, shi ya sa ɗalibai da yawa ke zaton don su aka yi jadawalin.

Abin da Gosset ya hango shi ne, warwatsuwar da ka lissafa daga buhu goma ita ma kintace ce, don haka dole a ɗaga katangar da hujja za ta tsallake. Da samfurin mai yawa ne, 1.645 ya isa. Mu kuwa layi na 9 na jadawalin muka duba, wato goma a cire ɗaya, muka tarar da 1.833. Namu ya haura. Na kuma bi lambobin ɗaya bayan ɗaya, domin buhu guda da ya yage ya zube zai iya jan matsakaici ƙasa shi kaɗai. Babu irinsa a ciki.

Da muka je wurin dillalin, ashe ɗansa ma ɗan boko ne. Ya buɗe jadawali a wayarsa ya ce 2.1 bai kai 2.262 ba. Gaskiyarsa, amma wannan katangar ta mai tuhumar ragi da ƙari a haɗe ce. Magatakarda ya miƙa masa littafin taro, ya ga abin da muka ƙulla tun kafin awo. Da bayan ganin sakamako muka zaɓi ɓangare ɗaya, da ni ma ban yarda da kaina ba.

Baba ya so ya ce an cuce mu, na roƙe shi ya yi haƙuri. Lissafin ya nuna akwai ragi, bai faɗi ko a masana'anta aka yi shi, ko a hanya, ko wajen sauya buhu ba. Kilo 0.7 sau 200 ya kama kilo 140, kusan buhu uku. Dillalin ya tsaya a kan biyu, Baba ya karɓa saboda lokacin zuba wa masara taki ya matso.