Laktet ɗin da nake zagi

Yau da sassafe na yi gudu har cinyoyina suka ɗauki zafi, na zube a bakin fili ina haki ina tsine wa laktet, sinadarin nan da tsoka ke fitarwa daga sukari in tana aiki da ƙarfi, wai shi ne dattin da ya kashe min ƙafa. Wani dattijo da muke motsa jiki tare, tsohon malamin kimiyya, ya yi dariya, ya dungure min goshi ya ce, "Yaro, abin da kake zagin nan, yanzu haka shi ƙwaƙwalwarka take ci." Na ce, "Haba Baba, ba sukari take ci ba?" Ya ce sukari ne tuwonta na kullum, amma in gudu ya yi tsanani laktet ya taru a jini, sai ta riƙa janyo shi tana ƙonawa. Ita da nauyinta kusan kashi 2 cikin 100 ne na jiki, amma tana lashe kusan kashi 20 na kuzarinsa, ina ta ga ta zaɓen abinci?

Har ya ce tun 1994 wasu masana biyu, Pellerin da Magistretti, suka kawo ra'ayin cewa wasu ƙwayoyin halitta masu siffar tauraro a ƙwaƙwalwa su ma suna sarrafa sukari ya koma laktet, su miƙa wa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu aika saƙo. Masana dai har yau suna ja-in-ja a kan wannan. Tsamin jikin washegari ma, in ji shi, ba laifin laktet ba ne. Na dawo gida ina ɗingishi, ina tunanin gobe in ƙafar ta yi tsami wa kuma zan zaga.